Yadda ɗan sakandare mai buga sikwash zai nemi gurbi da tallafin karatu a jami'o'in Amurka

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai tun kafin ka ƙona data da lokaci shi ne, sikolashif ɗin sikwash, wasan nan na buga ƙwallo a bango da raket, da kake ji ana faɗa kusan babu shi a yadda mutane suke zato. Yaro zai ji an ce wane ya shiga Harvard da raket sai ya ɗauka biyansa aka yi ya je ya buga wasa, toh ba haka abin yake ba. Makarantun Ivy League guda takwas, wato Harvard, Yale, Princeton, Penn, Columbia, Cornell, Dartmouth da Brown, yarjejeniya ce a tsakaninsu ba sa ba kowa ko sisi saboda wasa, haka ma ƙananan kwalejojin ƙungiyar wasanni ta NESCAC irin su Trinity, Williams, Amherst, Middlebury, Bowdoin, Bates, Colby da Tufts su ma ba sa bayarwa saboda a rukuni na uku suke a tsarin wasannin jami'o'i, kuma waɗannan ɗin su ne kusan duk inda sikwash yake da ƙarfi. Masu ba da kuɗi saboda wasan kansa 'yan tsiraru ne, Drexel ta Filadelfiya na cikinsu, kuma kowa a duniya can ya sa ido.

Toh me raket ɗin zai yi maka kenan? Ƙofa zai buɗe maka. Makaranta kamar Harvard cikin mutum 100 da suka nema ba ta ɗaukar ko 5, amma kocin sikwash yana da 'yan gurabe a hannunsa duk shekara waɗanda idan ya ce wa ofishin admishan ga yaron da nake so, in dai takardunsa sun kai, ana ɗaukarsa. Kuɗin kuma daga wani ofishi daban yake fitowa, ofishin tallafi, kuma su ba ruwansu da yadda kake buga ƙwallo, abin da suke dubawa shi ne nawa iyayenka ke samu nawa kuma za su iya biya. Kuɗin shekara ɗaya a irin waɗannan makarantu, in ka haɗa karatu da ɗaki da abinci, ya wuce dala 80,000, amma Harvard ta sanar a 2025 cewa duk gidan da abin da yake samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba ɗansu ba zai biya komai ba. Ka ga kenan aiki biyu ne a gabanka, na koci da na ofishin kuɗi, kuma dole ka riƙa jan su tare tun daga farko.

Ka fara da auna kanka tsakani da Allah. Sikwash na jami'o'i ba NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ke gudanar da shi ba, ƙungiyarsa daban ce ana ce mata College Squash Association ko CSA, maza suna neman Potter Cup mata suna neman Howe Cup, kuma duk karawa tsakanin makarantu biyu mutum 9 ne ke bugawa daga kowane ɓangare. Ka yi lissafi da kanka, mutum 9 da 'yan ƙarin benci a raba shekara huɗu, galibi koci ba ya ɗaukar fiye da uku ko huɗu a shekara, kuma duniya gabaɗaya yake dubawa. Ali Farag na Masar a Harvard ya yi karatu, ya ci kofin ɗaiɗaikun 'yan wasa na jami'o'i a 2012 da 2014 kafin ya zama na ɗaya a duniya, Amanda Sobhy ta yi shekara huɗu a can ba wadda ta doke ta, Youssef Ibrahim a Princeton ya buga, Sivasangari ta Malesiya a Cornell. Trinity da ke Hartford a hannun koci Paul Assaiante ta yi karawa 252 a jere ba a ci ta ba tun daga 1998 har zuwa Janairun 2012 da Yale ta tsayar da ita, kuma da yaran ƙasashen waje ta yi wannan aikin, daga nan ne sauran makarantun suka farka suka fara zuwa farautar yara a Alƙahira da Indiya da Kolombiya. Ba don in karya maka gwiwa na kawo sunayen nan ba, so nake ka gane cewa saman teburin ya cika maƙil, amma teburin yana da tsawo, akwai makarantu masu kyau ƙwarai a tsakiya da ƙasa waɗanda yaron da ya iya wasa da gaske zai shiga cikin tara ɗinsu tun shekarar farko. Ka shiga Club Locker, shi ne dandalin da US Squash, hukumar sikwash ta Amurka, ke ajiye maki da sakamakon wasanni, ka buɗe tim ɗin kowace makaranta ka ga su wa ke buga lamba 5 zuwa 9, ka nemo bidiyonsu a YouTube ka zauna ka kalla da kocinka, ku faɗa wa juna gaskiya ko za ka iya da su.

Daga nan sai maganar gasa, kuma nan ne yaranmu na Najeriya da Nijar da Ghana suke shan wahala, don koci a Amurka bai san darajar kofin da ka ci a gasar jiha ko a kulob ɗin garinku ba, ba raini ba ne kawai dai ba shi da abin da zai auna shi da shi. Abin da yake ganewa shi ne ka kara da wanda ya sani. Manyan wuraren da kociyoyi ke taruwa su ne US Junior Open da ake yi a Disamba a Filadelfiya, da British Junior Open a Birmingham farkon Janairu, da gasar matasa ta duniya ta 'yan ƙasa da 19. In da hali ko sau ɗaya ka je ɗaya daga cikinsu kana rukunin 'yan ƙasa da 17, ko an cire ka a zagaye na biyu za ka ci gaba da buga wasannin neman matsayi kuma duk suna shiga kundi. In babu hali toh kada ka zauna, ka buga duk gasar ƙasa da hukumar sikwash ta shirya, ka nemi shiga tawagar matasa ta ƙasa, in an kawo ƙaramar gasar PSA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan sikwash ta duniya, Legas ko Abuja ka nemi shiga don sakamakonta yana fitowa a intanet kowa ya gani. Sai dai fa ka kula da maganar kuɗin kyauta da sa hannu a takardar wani ejan, akwai dokoki a kan wanda ya riga ya zama ɗan wasan kuɗi, kafin ka karɓi wani abu mai kauri ka tambayi kocin makarantar da kake nema a rubuce.

Karatu. Wallahi nan ne mafi yawan masu hannu mai kyau suke faɗuwa kuma abin yana ci min rai, yaro ya iya wasa kamar me amma ya saki littafi tun SS1 yana cewa ai raket zai kai shi. Su can aji 9 zuwa 12 suke dubawa, wanda a wajenmu ya kama daga JSS3 zuwa SS3, a Nijar kuma daga troisième har terminale, kuma sakamakon kowane zango suke so a takarda mai hatimin makaranta, ba WAEC kaɗai ba, don lokacin da za ka tura takardunka ko zana WAEC ɗin ba ka yi ba. Ivy League suna da wani lissafi da suke haɗa makin makaranta da na jarrabawa su fitar da lamba ɗaya, in ba ka kai ƙasan wannan lambar ba ko koci ya yi kuka ba za a ɗauke ka ba. Jarrabawar shiga jami'a ta can ita ce SAT ko ACT, SAT a kan 1600 ake yin ta, ACT a kan 36, bayan korona makarantu da yawa sun ce ba dole ba ce amma Harvard da Dartmouth da Brown da Cornell da Penn duk sun dawo da ita, ni shawarata ka zana ta ko da makarantar ta ce ganin dama ne, domin mai duba takardunka bai san makarantarku ba amma ya san me 1450 ke nufi. Ka fara shiri tun SS1, ka zana a SS2 yadda za ka samu damar maimaitawa, darussan Khan Academy kyauta ne. Wasu makarantun za su nemi jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS ko ta Duolingo musamman in da Faransanci ka yi karatu.

Wani abu ƙarami da ke rusa babban aiki shi ne suna da ranar haihuwa. A fasfo Muhammad, a WAEC Mohammed, a rajistar SAT Muh'd, takardar haihuwa ta ce 2008 rajistar gasa ta ce 2010. Ka zauna da Baba ko Mama tun yanzu ku daidaita komai a kan abin da ke fasfo. Kuma in wani ya ba ka shawarar rage shekaru don ka buga ƙaramin rukuni, ka ƙi, ranar da aka gano gurbin da tallafin duk za su tafi tare.

Yanzu bidiyo. Ka samu ɗakin wasa mai gilashi a baya, ka ɗora wayar a kan abin tsayawa a tsakiya, sama kaɗan da tsayin mutum yadda kusurwa huɗu duk za su fito, a kwance ba a tsaye ba, ka goge gilashin ka kunna duk fitilun. Ka buga da wanda ya fi ka ko sa'anka, gem biyu ko uku cikakku ba yankewa, kada ka sa kiɗa kada ka haɗa wuraren da ka yi bajinta kawai, koci so yake ya ga yadda kake komawa tsakiya bayan kowane bugu, yadda ƙwallonka ke bin bango har baya, da yadda fuskarka take in an ci ka maki uku a jere ko alƙali ya yanke abin da bai maka daɗi ba. Ka rubuta a ƙasa wace riga ce taka da sunan gasar da kwanan wata, ka ɗora a YouTube ka tura link, kada ka tura ta WhatsApp don yana murƙushe hoton har ƙwallon ta ɓace.

Sai rubuta wa kociyoyi. Akwai dokar da ta kayyade lokacin da koci zai fara maganar ɗauka da yaro, galibi sai ka kai aji 11 wato SS2, saboda haka in ka rubuta da wuri ka ji shiru ba wulaƙanci ba ne. Kowace makaranta tana da fom na masu sha'awar shiga tim a shafinta na wasanni, ka cike shi tukuna sannan ka tura imel ga babban koci ka sa mataimakinsa a ciki. Kai za ka rubuta da hannunka, ba Baba ba ba kawu ba ba wani ejan ba, kuma gajere, sunanka da ƙasarka da shekarar da za ka gama, makin makaranta da na SAT in akwai, manyan sakamako uku ko huɗu da sunayen waɗanda ka kara da su, link ɗin bidiyo, gasar da za ka je nan gaba, da jimla ɗaya da ke nuna ka san makarantar ba kwafe ka yi ka watsa wa kowa ba. Kuma ka faɗa tun a imel na farko ko na biyu cewa za ka buƙaci cikakken tallafi, kunya a nan ba ta da amfani ko kaɗan. Ka rubuta wa makarantu 15 zuwa 20, wasu na sama wasu na tsakiya wasu na ƙasa, duk bayan wata ɗaya ko biyu ka sake tura sabon sakamako.

Wajen zaɓen makarantun ka sa ido a kan abu ɗaya da yawancin mutane ba su sani ba. Akwai makarantun da ba sa duba aljihun ɗan ƙasar waje lokacin yanke hukuncin ɗauka, sai sun ɗauke shi sannan su biya duk abin da ya gaza, Harvard, Yale, Princeton, Dartmouth, Amherst, Bowdoin da MIT suna cikin waɗannan. Sauran irin su Penn, Columbia, Cornell, Williams da Trinity suna ba 'yan waje tallafi mai kyau amma suna duba yawan abin da kake buƙata kafin su ɗauke ka, toh a irin waɗannan dole koci ya san matsayinka da wuri don ya tambayo ko akwai kuɗin. Ka kuma tabbatar tim ɗin na makaranta ne sosai ba kulob na ɗalibai ba, Brown alal misali ta taɓa sauke sikwash zuwa kulob a 2020, kuma kocin kulob ba shi da ta cewa a ofishin admishan.

In koci ya nuna yana sonka da gaske, lokacin hutun da ke tsakanin SS2 da SS3, daga wajen Yuli, zai karɓi takardunka ya kai ofishin admishan su yi musu duban farko su gaya masa ko za ka wuce. Nan ne za ka yi tambayoyin da suka fi komai muhimmanci, kuma ka yi su ƙarara cikin ladabi: Koci, za ka sa sunana cikin waɗanda kake goya wa baya a ofishin admishan ne ko kuwa cewa kake in nema da kaina in na samu in zo tim? Ni ne na nawa a jerinka? Ofishin kuɗi za su iya yi min ƙiyasin tallafi kafin in tura? Bambancin amsa ta farko da ta biyu kamar bambancin wanda aka riƙe wa kujera a mota ne da wanda aka ce ya zo tasha ya gwada sa'a, kuma kociyoyi suna da daɗin baki, in ba ka tambaya ba za ka ɗauki fara'a a matsayin alkawari.

Wanda koci ya goya wa baya kusan kullum za a ce ya nema a zagayen farko, 1 ga Nuwamba a Ivy League, 15 ga Nuwamba a yawancin NESCAC, amsa ta fito tsakiyar Disamba. Early Decision, wato neman zagayen farko na yawancin waɗannan makarantun, alkawari ne mai ɗaurewa, makaranta ɗaya tak za ka yi wa shi, kai da mahaifi da malamin makaranta duk za ku sa hannu, in sun ɗauke ka dole ka janye sauran, hanyar fita kawai ita ce in tallafin bai isa ba. Harvard da Yale da Princeton nasu ba ya ɗaurewa amma su ma sun hana ka neman wata makaranta mai zaman kanta da wuri. A Ivy League ofishin admishan kan iya aiko wa ɗan wasa wata wasiƙar tabbaci daga 1 ga Oktoba bayan ya tura cikakkun takardu, tana cewa in bai lalata komai ba za a ɗauke shi, wannan takarda ita ce abin riƙewa, maganar koci ta baki ba admishan ba ce komai girmansa. Ta Common App, fom ɗin intanet da makarantu da yawa ke karɓa, za ka nema, akwai rubutu na kalma 650 a kan kanka, ka rubuta shi da muryarka kada ka ba wani ko na'ura, kuma ba lallai ya zama labarin sikwash ba tunda koci ya riga ya faɗi wannan. Malamai biyu za su rubuta maka shaida, ka roƙe su tun kafin hutu ka zauna ka nuna musu yadda ake ɗorawa, don da yawa cikin malamanmu ba su taɓa yi ba kuma layi uku na yaro ne mai ladabi ba ya taimakon kowa, a rubuta abin da suka gani da idonsu a aji. In kuɗin fom ya yi nauyi akwai wurin neman yafiya a cikin Common App ɗin.

Takardun kuɗi kuma na iyaye ne, don haka Alhaji da Hajiya wannan sashen naku ne. Ɗan ƙasar waje ba ya cike FAFSA, fom ɗin tallafin gwamnatin Amurka, wani fom mai suna CSS Profile ake cikewa a yawancin makarantu, Princeton kuma tana da nata fom. Za a tambayi abin da ake samu a shekara, gida, fili, shago, ajiyar banki, yara nawa ake biya wa makaranta, mutum nawa ke ci a gidan. Ma'aikacin gwamnati nasa da sauƙi, takardar albashi da wasiƙa daga ofis. Ɗan kasuwar da ba ya rubuta komai shi ne zai zauna ya fitar da bayanan banki na shekara, ya rubuta ciniki da riba da kuɗin haya da na yaran shago a takarda ɗaya mai tsabta, in yana ɗauke da iyaye ko 'ya'yan ɗan'uwa ya rubuta a wurin ƙarin bayani, haka ma faɗuwar naira in ta cinye abin da ake da shi. Kada a ɓoye kadara kada kuma a kumbura samu don a burge su, duka biyun suna cutar yaron, kuma a nemi tallafin tare da admishan ɗin, makarantu da yawa ba sa ba ɗan waje daga baya in bai nema tun farko ba. Ofishin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna ba da shawara a kan duk wannan.

Bayan an ɗauke ka makaranta za ta aiko da I-20, takardar da ake neman biza da ita, ka biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, da 185 na neman bizar ɗalibai ta F-1. Sai dai a 2025 gwamnatin Amurka ta sa takunkumin biza a kan 'yan ƙasashe da dama, Chadi da Sudan a watan Yuni, sannan a Disamba aka ƙara da Nijar da Najeriya, kuma ya taɓa bizar ɗalibai, saboda haka kafin ka zuba kuɗi da shekara biyu a wannan hanya ka duba inda maganar ta tsaya a shafin ofishin jakadanci, ka tambayi koci ko makarantar za ta ajiye maka gurbin shekara guda in biza ta ƙi, kuma ka riƙe wata hanyar a hannu. Jami'ar Western da ke Ontario a Kanada tana buga gasar CSA, a Ingila kuma Birmingham da Nottingham da UWE ta Bristol inda Mohamed ElShorbagy ya yi karatu duk suna da sikwash mai ƙarfi. 'Yan'uwanmu da ke zaune a New York kuwa ku ne kuka fi kowa sa'a, CitySquash a Bronx da StreetSquash a Harlem suna ɗaukar yara tun suna ƙanana, su koya musu wasa kyauta su taimaka musu da karatu har su raka su jami'a, ku je ku tambaya kafin yaro ya girma.

In makin wasa ko na karatu bai kai ba a bana, wasu suna yin ƙarin shekara ɗaya a makarantar kwana ta can irin su Kent ko Deerfield ko Taft, suna da tim kuma suna da nasu tallafin ko da yake samunsa ga ɗan waje ba sauƙi.

Kafin ka ce eh ga kowace makaranta ka nemi koci ya haɗa ka da ɗaya daga cikin yaran tim ɗin, zai fi kyau Musulmi ɗan Masar ko Pakistan ko Malesiya in akwai, ka tambaye shi abin da ba za a rubuta a takarda ba, akwai abincin halal a ɗakin cin abinci, ina ake Juma'a, yaya koci yake yi da mai azumi, don kakar wasa daga Nuwamba take zuwa farkon Maris kuma a 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa daidai lokacin manyan gasanni. Ka tambayi ofishin kuɗi ko tallafin ya haɗa da inshorar lafiya da tikitin jirgi da kayan sanyi. A Ivy League da NESCAC tunda ba don wasa aka ba ka kuɗin ba, ko ka ji rauni ko ka bar tim ba za a janye shi ba, amma yawanci duk shekara sai an sake tura takardun samun iyaye, don haka ku ajiye kwafin komai. Sakamakon SS3 da na WAEC kuma dole ka tura musu in sun fito, suna dubawa, kuma suna da ikon janye gurbin in suka ga ka saki karatu bayan Disamba.